In Aku Ya Ɗauki Ubangidansa Abokin Aure: Dalili da Mafita

Gabatarwa

Aku tsuntsu ne da Hausawa suka daɗe da sani, har marigayi Abubakar Imam ya ba shi matsayin waziri a cikin Magana Jari Ce. Asalinsa dazuzzukan kurmi ne, irin na kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango, daga can fatake ke kawo shi kasuwannin Arewa. Sai dai masu ajiye shi sukan gamu da wani al'amari mai ɗaure kai. Tsuntsun da ya taso yana wasa da kowa, da ya kai shekara uku zuwa biyar sai ya zaɓi mutum ɗaya a gidan ya maƙale masa. In mutumin ya fita sai ihu, in wani ya matso kusa da shi sai cizo. Wani lokaci ya riƙa amayo abinci a hannun ubangidan, ko ya fige gashin ƙirjinsa har fata ta bayyana. Wasu kan ce mugun hali ne. A wurin masana ilmin halitta kuwa, tsuntsun ya balaga ne, ya kuma ɗauki mutum a matsayin abokin aurensa.

Yadda tsuntsu ke gane danginsa

Ba a ƙyanƙyashe tsuntsu da cikakken sanin ko shi wane ne ba, yana koyon wannan ne daga wanda ya rene shi. Konrad Lorenz, masani ɗan ƙasar Ostiriya, ya bayyana haka a 1935. Ya nuna cewa 'ya'yan dinya kan bi abin da suka fara gani yana motsi bayan ƙyanƙyasa, ko da mutum ne. Ya kuma ajiye wani tsuntsu dangin hankaka, wanda ya riƙa ƙoƙarin cusa masa tsutsa a baki da kunne, kamar yadda zai ciyar da matarsa. Lorenz na cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel a 1973 saboda nazarin ɗabi'un dabbobi.

To, aku a dawa cikin garke yake rayuwa, namiji da mace kuwa sukan daɗe tare kamar auren tattabaru. Wanda aka ɗauko yana ƙarami, aka ciyar da shi da hannu, bai san wani dangi ba sai mutanen gidan. Ranar da ya balaga, a cikinsu zai nemi aboki.

Abin da ke gudana a cikin jiki

Sinadaran da ake kira homon su ne 'yan aiken jiki, jini ke ɗaukarsu daga gaɓa zuwa gaɓa. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani sashe mai suna haifotalamas, shi ne ke lura da alamun da ke zuwa daga waje. In ya ga lokacin haihuwa ya yi, sai ya aika wa ƙullutun fituwitari saƙo, shi kuma ya saki homon da ke ta da maraina ko mahaifar ƙwai. Daga nan namiji ya samar da testosteron, mace ta samar da istirojin. Su ne ke kawo neman sheƙa da kishi da faɗa. Daga baya furolaktin ya hau, ya sa kwanci da reno.

Waɗanne alamu ne ƙwaƙwalwar ke dubawa? Ta farko tsawon yini. A 1925 William Rowan ya ba da rahoton gwajin da ya yi a Kanada, inda ya ƙara wa wasu ƙananan tsuntsaye hasken lantarki a tsakiyar hunturu, sai gaɓoɓin haihuwarsu suka girma kamar lokacin haihuwa ya zo. Wannan ne ya sa masu kiwon kajin ƙwai ke ba su haske na kimanin awa 16 a kullum. Ta biyu yalwar abinci. A ƙasashe masu zafi, inda tsawon yini ba ya canzawa sosai, ruwan sama da ƙoshi suna da babban tasiri, shi ya sa zabi ke zuba ƙwai da damina. Ta uku samun wurin sheƙa, wanda a wurin aku kogon bishiya ne mai duhu. Ta huɗu ita ce abokin aure mai shafa da ciyarwa.

Yanzu a dubi gidan mai aku. Fitila na kunne har tsakar dare, gyaɗa ba ta yankewa, ga ƙarƙashin gado ko kwali mai kama da kogo, ga kuma ubangida mai shafa masa baya kullum. Alamun nan huɗu sun haɗu, kuma ba su gushewa rani da damina. Ashe mai gidan ne da kansa yake shaida wa tsuntsun cewa lokacin aure ya yi, ba tare da ya sani ba.

Haɗarin da ke ciki

Mace na iya yin ƙwai ko babu namiji. Ɓawon ƙwai da sinadarin kalsiyam ake yinsa, in abinci bai wadatar ba sai jiki ya ɗebo daga ƙashi. Aku kuwa sananne ne wajen fama da ƙarancin kalsiyam, abin da kan kai shi ga farfaɗiya. Ƙwai kan iya maƙale wa mace, in ba a yi hanzari ba ta mutu. Alamarsa ita ce ta zauna a ƙasan keji, gashi a tashe, tana yunƙuri. Ban da wannan, bakin da ke fasa ƙwaya mai tauri ba ƙaramin rauni zai yi wa yatsan yaro ba.

Hanyoyin gyara

Tun da alamu ne suka ta da halin, janye su ne magani.

1. A ba shi awa 10 zuwa 12 na duhu da shiru kowane dare.
2. A rage gyaɗa da sauran abinci mai maiƙo, a yawaita ganye da kayan lambu. Kada a ba shi fiya, guba ce gare shi.
3. A hana shi shiga kwali da ƙarƙashin gado da duk wani lungu mai duhu.
4. A taƙaita shafa ga kai da wuya. Shafa baya da ƙarƙashin fiffike da gindin jela saƙon barbara ne.
5. In ya fara amayo abinci ko sassauta fiffike yana rawar neman aure, a mayar da shi kan sandarsa cikin natsuwa, a juya masa baya na ɗan lokaci.
6. A raba hidimarsa tsakanin mutanen gida, wanda ya fi ƙi shi ne zai riƙa ba shi abin da ya fi so.
7. A ba shi aikin yi, kamar ɗanyen reshe na gwaguya da abincin da aka naɗe a takarda, domin a dawa yawancin yininsa a neman abinci yake ƙarewa.
8. In mace ta yi ƙwai kada a kwashe nan take, domin hakan na iya sa ta ƙara wasu. A bar mata har ta gaji da kwanci, wanda a wurin aku kimanin kwana 30 ne.

Duka da tsawa ba su rage homon, sai dai su ƙara tsoro da cizo. Haka kuma bai kamata a ciyar da tsuntsu baki da baki ba, domin yana ƙarfafa halin, kuma akwai cutar huhu da mutum kan ɗauka daga dangin aku. In figar gashi ko yawan ƙwai ya ƙi tsayawa, sai a nemi likitan dabbobi, ya duba ko wata cuta ce, ko ya yi amfani da maganin da ke kwantar da homon na ɗan lokaci.

Kammalawa

Aku na iya rayuwa shekara 40 ko fiye a hannun mutum, saboda haka riƙonsa amana ce mai tsawo. Yawan kamunsa ya sa ya yi ƙaranci a dawa, har a 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda ba shi da aku, barinsa a kurmi ya fi. Wanda ke da shi kuwa, ya zama masa abokin garke, kada ya zama masa abokin aure.

Aikin ɗalibai

A lura da auren tattabaru na tsawon mako biyu, a rubuta yadda suke shafar juna da ciyar da juna da tsaron sheƙa. Sa'an nan a kwatanta da halayen aku da aka bayyana a sama.