Wa Ke Ba Da Labarin?

Ya ku iyaye da malamai, yaro yakan karanta shafi ɗungum ba gargada, amma bai san wanda ke yi masa magana a ciki ba. Na gwada yaran da ke zuwa karatu gidana a Malali da maraice. Na karanta musu kaɗan daga Ruwan Bagaja, sa'an nan na ce, "Wannan mai cewa 'ni', wane ne shi?" Dukansu suka ce Abubakar Imam ne, gama sunansa ke bangon littafin.

Ban ga laifinsu ba, tun da tauraron labarin ma Alhaji Imam ake ce da shi. Amma mutum biyu ne. Abubakar Imam shi ya rubuta littafin domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Alhaji Imam kuwa ƙirƙirarsa aka yi, aka sa labarin a bakinsa. To, duk abin da muka sani game da abokin gabarsa, Malam Zurƙe, daga bakin Alhaji muka ji shi. Na tambayi yaran, "Da Zurƙe ne ya ba da labarin, wa zai zama mugu?" Suka yi shiru. Can wata yarinya ta ce, "Malam, ai Alhaji ma ya cuce shi."

Ga yadda za ku yi. Ku ba yaro fensir, ya ja layi ƙarƙashin kowane "na" da "muka", ko "ya" da "suka". In "na" ya yi yawa, mai labarin yana cikin labarin, idonsa biyu ne kamar namu, ba ya ganin bayan bango. In kuwa "ya" da "ta" ne, kamar a Jiki Magayi, yana tsaye daga waje, yakan kuma faɗi abin da ke zuciyar mutane. Amma ku gargaɗi yaro kada ya ƙirga maganar da mutanen cikin labarin ke yi wa juna. Nan ne yawancinsu ke tuntuɓe.

Bayan wannan sai tambaya ta biyu, wadda ta fi muhimmanci: yaya ya sani? A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umar ne ke ba almajiransa tarihinsa, duk da haka muna jin wahalar da uwarsa ta sha wajen nemansa, alhali ba ya wurin. Ku bar yaro ya yi ta juya wannan, kada ku yi saurin ba shi amsa. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya fi wuya, gama aku ne ke ba Musa labaru, kuma da nufi yake yi, watau ya hana shi fita daga gida. Ku tambayi yaro abin da aku ke nema.

Ranar da muka gama, biyu daga cikinsu suka yi faɗa a bakin famfo, kowa ya kawo mini ƙara. Na sa kowannensu ya rubuta abin da ya faru da bakin ɗan'uwansa, yana cewa "ni". Babban ya rubuta layi uku, ya ajiye fensir, ya ce shi ya fara ture bokitin.