Awon Ciki Na Farko Wurin Ungozoma

Mata da yawa a Samaru Kataf da sauran ƙauyukan Zangon Kataf ba su zuwa awo sai ciki ya tsufa, waɗansu don kunya, waɗansu don gudun bakin mutane. Wannan jinkiri yana da hatsari ƙwarai. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta je awo sau 8 kafin haihuwa, na farko kuwa kada ya wuce mako 12.

Ranar farko ungozoma takan buɗe wa mace kati, ta tambaye ta yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, gama da ita ake lissafin watan haihuwa. Takan kuma bi labarin cikin baya, ko an yi ɓari, ko zubar jini, ko fiɗa. Bai kamata a ɓoye mata kome ba. Sa'an nan a auna nauyi da hawan jini, a gwada fitsari, a ɗebi jini don binciken ƙarancin jini, ƙanjamau, tunjere da ciwon hanta. Hawan jini shi ne abin tsoro, domin yakan zo ba sallama, ya jawo jijjiga.

Akan ba ta ƙwayoyin ƙarin jini na kullum, da allurar rigakafin sarƙewar haƙora. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kuwa sai ciki ya kai mako 13, amma kwana cikin gidan sauro tun yau ne.

In ungozoma ta ga abin da ya fi ƙarfinta, sai ta tura ta babban asibiti, kamar na Kafanchan. Saboda haka maigida ya tanadi kuɗin mota tun da wuri.