Idan Firgici Ya Kai Mutum Sashen Gaggawa

Firgicin da ke zuwa ba zato yakan sa zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto, mutum ya ɗauka ajali ne ya zo. Yakan tsananta cikin minti 10, sannan ya lafa.

Kada a zauna gida ana cewa iska ce. Ku kai shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko na asibitin Jankwano. Ciwon zuciya, asma da faɗuwar sukari duk suna kama da firgici. Shi ya sa nas za ta fara auna hawan jini, bugun zuciya da sukari, a yi gwajin zuciya idan ƙirji na ciwo.

Ku gaya mata gaskiya: yawan goron da yake ci, ko yana shan taramol, ko rikicin Jos na 2001 da na 2008 na dawo masa a mafarki. Ku rage taro a kansa, ya zauna, ya riƙa numfashi a hankali.

Idan abin ya maimaitu, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa. Ba hauka ba ne, kuma yana da magani.