Cikon Haƙori Ba Tare da Faɗuwar Gaba Ba

A Dayi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, za ka ga ƙato mai wuni yana huɗa a gona ko gezau, amma da an ce ya je a yi wa haƙorinsa ciko sai ya dafe kunci ya ce, "Ai ya lafa." Ba shi kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kimanin mutum biliyan 2 ke yawo da ruɓaɓɓen haƙori da ba a yi wa magani ba. Rashin kuɗi da nisan asibiti na daga ciki, amma tsoron allura da ƙarar inji ma suna da nasu kason. Ga dabarun da ke rage tsoron, yawancinsu ko sisi ba za ka kashe ba.

1. Je tun kogon yana ƙarami.
Muddin ruɓar ba ta kai jijiyar da ke can cikin haƙori ba, ciko kawai ake yi, aikin rabin awa zuwa awa ɗaya. In ta kai, sai dai a cire jijiyar, sau da yawa a zama fiye da ɗaya, ko a cire haƙorin baki ɗaya. Idan ruwan randa ko shayi mai sukari ya taɓa wurin ka ji zirr sannan ya wuce nan take, har yanzu da sauran lokaci. Kada ka ce sai kaka ta yi an sayar da masara, domin kogon da aka gani a farkon damina ba zai tsaya jiran girbi ba.

2. Daina neman tsutsa.
Babu wata tsutsa a cikin haƙori, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani ke cin ragowar sukari, su fitar da tsamin da ke zaizaye shi. Duk wanda ya nuna maka tsutsa a tafin hannu ranar kasuwa, kuɗinka ya ci, kogonka na nan daram. Ruwan batir, fetur, da danna ƙwayar asfirin a dasashi kuwa ƙona nama suke yi, sai ka je asibiti da ciwo biyu maimakon ɗaya.

3. Kanumfari na jira ne, ba na warkewa ba.
Ka tauna guda ɗaya a gefen da ke ciwo, ko ka kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, za ka samu sauƙi kafin ranar tafiya. Wani abin da ba kowa ya sani ba, warin nan da ke tarbar mutum a ɗakin likitan haƙori har gabansa ya faɗi, sau da yawa na man kanumfari ne, don da shi ake haɗa cikon wucin gadi. In ka ji shi, ka tuna kayan yajin da ke kicin ɗin gidanku ne.

4. Zuwan farko, dubawa kawai.
Kafin ka biya kuɗin mota, ka tambaya a babban asibitin Malumfashi ko na Funtua ranar da ake ganin masu ciwon haƙori. In aikin ya fi ƙarfin nan kusa, hanyar Gwarzo za ta kai ka Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ta Funtua kuma ta kai ka na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, dukansu suna da sashen haƙori. Ka ce a duba, a faɗa maka abin da za a yi da nawa zai ci, domin rabin fargabar maigida ma ta aljihu ce.

5. Faɗa da bakinka cewa kana tsoro.
"Likita, ni fa gabana faɗuwa yake, a bi ni a hankali." Ba kai ne na farko da ya faɗa masa haka ba. Sannan ku yi yarjejeniya tun kafin ka buɗe baki cewa in ka ɗaga hannun hagu zai dakata, don wanda ya san zai iya tsayar da aiki duk lokacin da ya so, da wuya ma ya buƙaci tsayarwar.

6. San abin da allurar za ta yi maka.
Nan ne yawancin mutane ke karaya, alhali zafinta na 'yan daƙiƙu ne, bai kai harbin zuma ba, kuma in akwai maganin shafawa mai kashe dasashi kana iya roƙo a shafa maka kafin a soka. Bayan mintuna kaɗan leɓe zai yi nauyi kamar ya kumbura, wani lokaci zuciya ta ɗan yi sauri, saboda maganin, wanda galibi lidokain ne, akan haɗa shi da sinadarin adirenalin. Wannan na wucewa da kansa. Dannawa da jijjiga za ka ji su, amma zafi mai tsini bai kamata ka ji ba, in ka ji ka ɗaga hannu a ƙara maka, kada ka cije don a ce kai namiji ne.

7. Toshe kunne da abin da kake so.
Ƙarar injin ta fi aikinsa ban tsoro, ruwan da yake fesawa kuma don sanyaya haƙori ne kawai. Ka tafi da abin sawa a kunne da waya mai caji, ka kunna karatun Alƙur'ani ko labarin da ka saba saurare, a kunne ɗaya don ka ji in likita ya yi magana.

8. Tambaya ko za a iya yi ba da inji ba.
Akwai hanyar ciko da aka fara gwadawa a Tanzaniya a shekarun 1980 saboda wuraren da ba su da wutar lantarki, inda ake kankare ruɓar da ƙananan kayan hannu a cike da wani farin haɗi mai kama jikin haƙori. Ta fi dacewa da ƙananan koguna da haƙoran yara, kuma sau da yawa ba a buƙatar allura. Ba kowane kogo take yi wa ba, likita ne zai duba ya ce, amma tambayar ba ta cin kuɗi.

9. Karya kumallo, ka bar goro.
Mai yunwa da tsoro shi ke saurin ganin jiri a kan kujera, don haka ka sha kokonka da ƙosai, ka nemi zaman safe kada ka wuni kana saƙe-saƙe. Goro, kofi da lemon ƙarin kuzari ƙara bugun zuciya suke yi. Kada kuma ka sha tiramol ko maganin barci wai don ka dake, yana iya cin karo da abin da likita zai ba ka.

10. Numfashi ta hanci.
Ja a hankali kana ƙirga huɗu, ka saki kana ƙirga shida, ka sassauta kafaɗu da yatsun da ka damƙe. Mai tasbihi a zuci ya ci gaba da abinsa.

11. Kada ka ɓoye ciwonka.
Hawan jini, ciwon suga, sikila, asma, ciwon zuciya, ko maganin da ya taɓa yi maka illa, duk ka faɗa, ka kuma tafi da kwalayen magungunan da kake sha. Uwargida mai juna biyu, ki faɗi watannin cikin. Ana yin ciko da allurarsa ga mai ciki, kuma tsakiyar ciki, wata na huɗu zuwa na shida, ya fi daɗin zama a kujerar. In kin fi sakewa da rakiya, ki tafi da 'yar uwa ko maƙwabciya mai sanyin rai, ba mai labarin yadda aka karya wa wance muƙamuƙi ba.

12. Iyaye, ku daina yi wa yara barazana da allura.
Yaron da kullum ake ce wa "in ba ka yi shiru ba za a kira mai allura" shi ne zai tayar da asibiti ranar da aka kai shi. Kada kuma ku yi masa ƙaryar cewa ba abin da zai ji, ku ce za a wanke haƙorin a toshe ramin, zai ji ɗan tsunkuli ya wuce. Tukuicin jarumta ya zama ƙwallo ko fensir, kada ya zama alewar da ta kawo ku.

13. Bayan an gama, ka jira bakinka ya dawo.
Leɓe da harshe kan yi awa 2 zuwa 4 a mace, don haka ka dakata da tauna da shayi mai zafi, ka kuma sa ido kan yaro kada ya ciji leɓensa. Rake, ƙashi da gasasshiyar masara a ɗaga musu ƙafa a wannan gefen na kwana ɗaya ko biyu, ɗan tsamin da za ka ji kuwa farasitamol ya ishe shi. In ka haɗa haƙora ka ji cikon ya yi tudu, ka koma a goge shi, aikin mintuna ne kuma galibi ba allura.

14. Akwai ranar da ba a jira.
Idan kunci ko ƙasan haɓa ya kumbura, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa ko haɗiyar yawu ta gagara, ciwon ya bar haƙori ya shiga jiki, kuma yana iya toshe hanyar numfashi. Wannan ba na kemis ba ne, ba na kanumfari ba. A sa mutum a mota zuwa asibiti a ranar, ko da dare ne.