Rawar cikin ɗaki ga macen da ciwon jiki ya ƙi saki

Akwai wata irin mace da duk wanda ya zauna a Gwandu ko Kalgo ya santa, ko da bai san sunan ciwonta ba. Ta kwana ta tashi kamar wadda aka yi wa dukan kawo wuƙa. Wuya ciwo, kafaɗa ciwo, ƙugu da cinyoyi ciwo, barci kuma ba ya wartsake ta. An yi mata maganin maleriya da taifot har ta haddace sunayen allurai. An ce sanyi ne, an ce shawara ce, wata gwaggo ma ta ja ta gefe ta raɗa mata cewa jifa ne. Ta je asibiti an ɗebi jini, an ɗauki hoto, an ce komai lafiya lau. Daga nan sai dangin miji su fara cewa raki ne da son jiki.

'Yar'uwa, in ke ce wannan, ciwonki na gaskiya ne. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo irinsa shi ne wanda likitoci ke kira faibromayaljiya, sunan da aka raɗa masa a 1976. Ba ƙashi ne ya lalace ba, shi ya sa hoto ba ya nuna komai, kuma masu ɗori na Aliero, duk da gwanintarsu, ba su da abin da za su ɗora. Matsalar tana cikin yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke karɓar saƙon zafi. Kamar rediyo ce da aka ƙure wa murya: ɗan matsi kaɗan, jiki ya ji shi kamar duka. Ana ƙiyasta yana kama mutum 2 zuwa 4 cikin 100, kuma mata sun fi yawa a cikin waɗanda ake ganowa.

Kada dai ki yanke wa kanki hukunci. Ƙarancin jini, cutar maƙoƙo, amosanin gaɓɓai da sikila duk suna iya kawo ciwon jiki da gajiya, kuma kowanne da maganinsa daban. Ki ga likita tukuna, a asibitin Kalgo ko na tarayya da ke Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ko kina zazzaɓi, ko kina rama ba dalili, ko ɓarin jiki ɗaya ya mutu, wannan shawarar ba taki ba ce, asibiti za ki nufa yau.

In kuwa likita ya tabbatar, ga abin da zai ba ki mamaki. A 2017 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta fitar da jagora bayan ta auna magungunan da ake ba masu wannan ciwo, kuma abu ɗaya tak ta ba cikakken goyon baya: motsa jiki. Ƙwayoyin kashe zafi da muke saye a kemis kamar gyaɗa ba su cika yi masa komai ba, sai dai su ci ciki su wahalar da ƙoda. A Sawo Fawlo ta ƙasar Burazil an yi gwaji da mata 80, aka wallafa shi a 2012. Rabinsu sun yi rawar karkaɗa ƙugu irin ta Larabawa sau biyu a mako har mako 16, kuma zafinsu ya ragu fiye da na waɗanda ba su yi ba. Ba warkewa suka yi ba, kada in yi miki alkawarin ƙarya. Sauƙi suka samu.

Na san abin da za ki ce: "Ni da nake wuni aikin gida, wane motsa jiki kuma ya rage?" Aikin gida wahala ce mai cin wuri guda. Shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a sunkuye, jan guga, duk bayan nan ne da kafaɗun nan ke ɗaukar nauyin, kuma ba a tsayawa sai aiki ya ƙare. Rawa tana raba motsi ga jiki duka, a hankali, kuma ke ce mai cewa ya isa.

Ki fara da minti biyar, kada ki wuce. Ki rufe ƙofar ɗakinki, ki kunna kiɗa mai sanyi a waya. Kiɗan ƙwarya irin na amada ya dace, amma ki zaɓi mai tafiyar hawainiya, don wasu waƙoƙin Barmani Coge za su sa ki manta ke marar lafiya ce, gobe ki biya bashi. Na kuma san Gwandu garin malamai ne, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, akwai gidajen da kiɗa ba ya shiga. Babu komai. Tafi da hannu irin na gaɗa, ko ƙirga ɗaya zuwa huɗu a baki, ya wadatar. Abin da jiki ke nema shi ne motsi mai tsari da yake maimaituwa.

Ki tsaya ƙafafu a ɗan ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a sake, kada ki ƙame ta. Ki mai da nauyinki kan ƙafar dama, sannan hagu, kamar mai lallashin goyo. In jiki ya ɗau ɗumi, ki bar ƙugu ya bi, ki riƙa zana ɗan ƙaramin da'ira da shi. Sai taku biyu gaba, biyu baya. Ki juya kafaɗu baya sau biyar. Hannuwa kada su haura kafaɗa a makonnin farko, domin ɗaga hannu sama na iya tayar da wannan ciwo. Ban da tsalle, ban da juyi mai sa jiri, ban da durƙuso har ƙasa. Ma'auninki shi ne numfashi: in ba za ki iya magana kina rawar ba, kin yi sauri. Ranar da tsayuwa ta gagara, ki zauna bakin gado ki yi ta da kafaɗa da ƙugu da tafin ƙafa. Addinin da ya yarje miki salla a zaune bai bar ki da kunyar motsa jiki a zaune ba.

Yau ki yi, gobe ki huta. Kowane mako ki ƙara minti ɗaya ko biyu, har ki kai minti 20 zuwa 30, sau biyu ko uku a mako. Wannan zai ɗauke ki watanni, kuma haka ake so. Ɗan tsamin jiki a farko ba abin tsoro ba ne. Amma in zafi ya ƙaru ya kwana ya wuni bai sauka ba, kada ki daina gaba ɗaya, ki rage rabi ki ci gaba daga nan.

Inda mata suka fi faɗuwa shi ne ranar da suka tashi garau. Ran nan ne za ki ce bari in rama, ki wanke kayan mako biyu, ki share tsakar gida, ki yi daka, ki je barka da gaisuwar mutuwa, sannan ki kwanta kwana uku kina nishi. Ni a ganina wannan ranar ta fi ranar ciwo haɗari. Ki tsaya tun da sauran ƙarfinki. Wankin ki kasa shi uku, hatsin ki aika inji, kuma 'yar da ta isa talla ta isa jan guga.

Lokaci ma yana da muhimmanci a ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ki yi bayan asuba ko da la'asar sakaliya, ki sha ruwa kafin ki fara. Da hunturu kuwa jiki kan sandare da safe, sai ki jira hantsi, ki yi wanka da ruwan ɗumi tukuna.

Batun tsayuwa da zama kuma, kada wani ya ce miki ranƙwafawa ce ta jawo miki ciwon. Ba ita ba ce, amma tana ƙara wa Borno dawaki. Ki jingina bayanki da bango, ƙugu da kafaɗu suna taɓa shi, ki ja haɓa baya kaɗan kamar mai jin kunyar suruki, ki matse allunan kafaɗa a hankali, ki ƙirga biyar, ki saki. Sau biyar ya isa, safe da yamma. Ki sa wa tsintsiya doguwar sanda. Ki ɗora bahon wanki kan benci ko turmin da aka kifa. Kujera 'yar tsugunno a gaban murhu tana naɗe mutum kamar tabarma, don haka kowane kwata na awa ki miƙe ki taka zuwa bakin randa ki dawo. Masu ɗinki da masu saƙar hula da ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, ku ma da ku nake: zama ɗaya na awa biyu yana da illa, ko da a miƙe kike kamar sanda.

In kin je asibiti, ki roƙi likita ya tura ki sashen gashi su duba yadda kike motsin, su gyara miki. Maigida kuma a yi masa bayani tun wuri, gara ma ya raka ki ya ji daga bakin likita, don kada ya dawo daga fadama ya tarar da mai kukan ciwo jiya tana rausaya a ɗaki ya ce ashe lafiyarta ƙalau. In akwai maƙwabciya ko abokiyar zama mai irin wannan ciwo, ku sa rana ku riƙa yi tare, ɗaya tana tafi ɗaya tana taku, kuma wadda ke riƙe da waya ita ce za ta ce minti biyar sun cika.