Shawara ga mai zuba kuɗi a gonar auduga: fara da huɗa da tazara

Auduga ba ta son damshin Kumasi. Gidanta Arewacin Gana ne, wajen Tamale da Wa da Tumu. Amma ɗan kasuwar Aboabo ko Sawaba, nan Asokore Mampong, yakan tura wa ɗan'uwansa kuɗin noma can, tambayarsa kullum taki da magani. Malam, kafin taki, tambayi yadda aka yi huɗa da yadda aka jera shuka.

Saiwar auduga miƙewa take yi ƙasa sambal. Idan garmar tarakta ta yi shekaru tana tsayawa a zurfi ɗaya, ƙasan wurin yakan daskare, saiwa ta lanƙwashe, ɗan fari kaɗan sai fure ya zube. Don haka a riƙa sauya zurfin, kuma kada a shiga gona tana caɓi. A ƙasa mai laka a yi kunya, domin auduga ba ta jure kwanciyar ruwa. A jigawa a rage juya ƙasa, a bar karmami ya rufe ta. In gangara ce, kunya ta gitta ta, kada ta bi ta.

Tazara kuwa, santimita 75 zuwa 90 tsakanin layuka, 30 zuwa 45 tsakanin ramuka. Ƙasa mai ƙarfi tana son tazara mai faɗi, marar ƙarfi a ɗan matse. Kada zurfin rami ya wuce santimita 3. Bayan kamar mako uku da tsirowa a cire, a bar biyu masu lafiya a kowane rami.

In an cunkusa, iska ba ta ratsawa, feshi ba ya isa tsutsa, ƙwallayen ƙasa su ruɓe, farar auduga ta yi dauɗa. In an warwatsa, ciyawa ta samu fili, ƙwallaye su ƙi nuna tare, na ƙarshe su ba da zare marar ƙwari. Duka biyun a wurin awo ake jin zafinsu.

A yi shuka da ruwa ya zauna, daga Yuni zuwa farkon Yuli. Tazarar da ta dace da irin da aka samu, a tambayi malamin gona ko cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala.

Bana, kafin ka tura kuɗin taki, tura igiya mai alamar awo, ka ce da ita za a yi shuka.