Ƙasar Lambun Gida da Ƙwarin da ke Yi wa Manomi Aiki

A garin Giade da sauran garuruwan shiyyar Katagum, gidaje da yawa suna da ɗan lambu a bayan ɗaki ko kusa da rijiya, inda ake shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo da tumatir da kabewa. Koke biyu ne malaman gona suka fi ji daga masu irin wannan lambu: ƙasa ta gaji, ƙwari kuma sun hana shuka sakat. Maganin da akasari ake garzayawa gare shi shi ne takin zamani da fam ɗin feshi. Amma sau da yawa koken biyu tushensu ɗaya ne, wato an bar ƙasa ba abinci, an kuma kashe halittun da ke yi mata aiki kyauta.

Sanin irin ƙasar lambu

Kafin a zuba taki, ya kamata mai lambu ya san irin ƙasar da yake da ita. A ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, a jiƙa ta kaɗan, a dunƙule. Idan ta wargaje da zarar an buɗe hannu, jigawa ce. Idan ta dunƙule har ana iya murza ta ta yi tsawo kamar igiya, yumɓu ya yi mata yawa, irin ƙasar fadama. Wadda ta dunƙule amma ta farfashe da an ɗan taɓa ta, ita ce mafi dacewa da kayan lambu. Wanda ke son ƙarin tabbaci sai ya zuba ƙasa cikin kwalba har kashi ɗaya bisa uku, ya cika da ruwa, ya girgiza sosai, ya ajiye. Rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya, turɓaya mai laushi bayan 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko fiye.

Mafi yawan ƙasar tudu a wannan yanki jigawa ce. Tana da sauƙin noma, amma ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma riƙe taki. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ke cikin irin wannan ƙasa galibi ba ya kai kashi 1 cikin 100, sannan tana da ƙarancin sinadarin naitirojin da fosfaras. Saboda haka ne wanda ya zuba yuriya a kwamin jigawa, ya bi da ban-ruwa mai yawa, zai ga shuka ta yi kore na mako biyu sannan ta koma ɗorawa: ruwa ya wanke takin zuwa inda saiwa ba ta kai ba.

Takin gargajiya ne ke gyara wannan. A haƙa rami mai zurfin kamar mita 1, a riƙa jera busasshen ganye da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da kashin awaki ko na shanu, a yayyafa toka kaɗan da ruwa, a riƙa juyawa duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai ruɓe, ya yi baƙi, ya daina zafi da wari. Ɗanyen kashi, musamman na kaji, yana ƙona saiwar ƙananan tsire. Takin bola kuma sai an tsince leda da tsofaffin batura da fasassun kwalabe. Toka tana da amfani, amma idan ta yi yawa takan mai da ƙasa kamar mai kanwa, haka ma ruwan wanki mai sabulu.

Ma'aikatan cikin ƙasa

Taki ba ya zama abincin shuka da kansa, sai ƙananan halittu sun sarrafa shi. Tana, duk da ba ƙwaro ba ce, ganinta a kwami alama ce ta danshi da isasshen taki. Buzuzu yana mirgina kashin dabbobi ya binne shi. Ita kuwa gara, wadda kowa ke la'anta, tana da fuska biyu. Gaskiya ne takan ci dashen da ƙishirwa ta galabaitar. Amma a yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar, manoma sun farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, suna zuba taki a ciki. Gara takan zo cin takin, ta huda hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa, ruwan sama ya sami inda zai nitse maimakon ya kwarare. Idan aka lulluɓe kwami da busasshiyar ciyawa, aka kuma tsare ban-ruwa, gara takan fi shagala da ciyawar. Ƙona shara a kan kwami kuwa asara ce biyu, abincin ƙasa ya tafi, ma'aikatanta sun hallaka.

A kuma duba saiwa idan an tuge shuka. Ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake da gyaɗa, waɗanda ke fita idan an murza, cikinsu ja-ja, su ke tara naitirojin daga iska. Amma kumburin da ya zama jikin saiwar tumatir ko kuɓewa aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, wadda ta fi ɓarna a jigawa. Wurin da aka ga haka sai a hutar da shi daga waɗannan amfanin, a ƙara masa taki.

Abokan manomi a kan ganye

Darɓa takan taru a ƙarƙashin ganyen wake da kuɓewa da kabeji tana tsotsar ruwansa. Kafin a ɗauko magani, a duba da kyau. Akwai wani ɗan ƙwaro mai zagayen baya, mai sheƙi, ja ko ruwan ɗorawa da zane ko ɗige baƙi, wanda ke cin darɓa gommai a rana. 'Ya'yansa ba su kama da shi ko kaɗan: dogaye ne, baƙaƙe, masu ƙafa shida, kamar ɗan mitsitsin kada, kuma sau da yawa su ake fara murƙushewa bisa zaton su ne masu ɓarna. Yana da wani ɗan'uwa marar sheƙi, mai laushin gashi a baya, wanda ke kankare ganyen kabewa da guna; wannan ne ake tsincewa. Idan kuma an ga darɓa ta kumbura ta bushe, ta zama ruwan ƙasa, da ɗan rami a bayanta, wata ƙaramar rina ce ta saka ƙwai a cikinta. Zanzaro yana kwashe tsutsotsi ya kai ɗakinsa na laka don ciyar da 'ya'yansa. Ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo mafarauta ne, ko da yake ba sa bambance mai ɓarna da mai amfani.

Kada a raina aikin waɗannan ƙanana. A shekarar 1981 cibiyar IITA ta Ibadan ta fara sakin wata 'yar rina da aka kawo daga Kudancin Amurka, ita ce ta karya lagon ƙwaron da ya addabi rogo a Afirka. Tun daga 2006 kuma, masu bincike na hukumar INRAN a Maraɗi suna aiki da manoma wajen rataye ƙananan buhunan algarara masu ɗauke da wata rina, Habrobracon hebetor, a gonakin gero, domin ta kashe murzuna da ke cin zangarniya. A ɗaya ɓangaren, lokacin da tsutsar tumatir da ake kira sharon ta yi ɓarna a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016, yawan feshi bai tsinana wa manoma abin kirki ba, domin tsutsar a cikin ganye take ɓuya, kuma tana saurin sabawa da magani. Maganin da ke kashe kowane ƙwaro yakan share mafarauta, masu ɓarna kuwa sun fi su saurin hayayyafa, sai su dawo fili ba mai tare su.

Kabewa da kankana da kokwamba suna da fure namiji daban, mace daban. Macen ita ce mai ɗan ƙulli a gindinta. Furen da safe yake buɗewa, kuma idan ƙudan zuma bai kai masa garin fure ba, ƙullin zai yi ɗorawa ya faɗi. Mai lambu da yawa ya ɗora wa ƙasa laifin wannan zubar 'ya'ya, alhali feshin hantsi ne ya kori zuma. Yana da kyau a bar ɗaiɗoya ko riɗi ko albasa 'yar kaɗan su yi fure a gefen lambu, domin zuma da ƙananan rina su sami abin sha.

Idan ɓarna ta fi ƙarfin tsincewa da hannu, a fara da 'ya'yan dogon yaro: a ɓare, a daka gram 50 na ƙwayar ga kowace lita 1 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma bayan zuma ta koma amya, a kan shukar da ta kamu kawai. Maganin sauro irin su fiya-fiya ba na ganyen miya ba ne sam. In kuwa dole sai an yi amfani da maganin kanti, a sa ganyen da ƙwaron cikin kwalba a kai wa malamin gona na BSADP ya tantance shi, sannan a kiyaye adadin kwanakin da aka rubuta a jikin maganin tsakanin feshi da tsinkar ganye.